Fiye da Shekara 30 Ana Tare: Makaɗan Pearl Jam da Masoyansu

Daga Wakilinmu

A ƙasar Amurka akwai waɗansu mutane, maza da mata, da yawansu sun ba shekara 50 baya, masu tinƙaho da wata lamba kamar yadda tsohon soja ke tinƙaho da lambar yabonsa. Lambar nan ita ce ta shiga Ten Club, watau ƙungiyar masoyan waɗansu makaɗa da ake kira Pearl Jam. Iyakar ƙanƙantar lambar mutum, iyakar daɗewarsa a cikin tafiyar, kuma bisa al'adar ƙungiyar, idan an zo rabon kujeru a wurin wasa, wanda ya riga shiga shi ake ajiyewa kusa da dandali.

Irin kiɗan da waɗannan mutane ke so reshe ne na kiɗan rok, wanda ake yi da jita mai aiki da lantarki da ganguna, ga amo kamar aradu. Amma wannan reshe ya taso ne a bayan fage, a ƙananan gidajen rawa da gidajen rediyon ɗalibai, nesa da manyan kamfanonin faifai, shi ya sa masu sonsa ke ɗaukar kansu dabam da sauran jama'a. A ƙasar Hausa an saba ganin mawaƙi da ubangidansa, ko sarki ko attajiri. Can kuwa talaka mai sayen faifai da tikiti shi ne ubangida, ran da ya juya baya kiɗa ya mutu.

Mafarin Abin

An kafa Pearl Jam a birnin Seattle, a arewa maso yammacin Amurka, cikin shekarar 1990, kuma mutuwa ce ta haife ta. Stone Gossard da Jeff Ament suna cikin wata ƙungiya ce da fari, sai mawaƙinsu Andrew Wood ya mutu a watan Maris na shekarar saboda miyagun ƙwayoyi. Suka jawo Mike McCready, suka ɗauki kiɗa zalla a kaset suna neman mai murya. Kaset ɗin ya bi hannu har ya kai ga wani saurayi mai aikin dare a gidan mai a birnin San Diego, sunansa Eddie Vedder. Ya aza waƙoƙi uku a kan kiɗan, ya mayar musu, su kuwa da ji suka aika masa ya zo. Ran 22 ga watan Oktoba 1990 suka yi wasansu na farko.

Faifansu na fari, mai suna Ten, ya fito a watan Agusta 1991, kuma an sayar da fiye da miliyan 13 a Amurka kaɗai. Na biyu, wanda ya fito a 1993, an sayi fiye da dubu 950 a makonsa na farko. To, a daidai lokacin da kasuwa ta buɗe haka sai makaɗan suka ja da baya. Suka daina shirya hotunan waƙa na talabijin har na tsawon shekaru, suka rage magana da 'yan jarida. Masu bin yayi suka fara zamewa, balle da faifan No Code ya fito a 1996 da wani salo da ba a saba ji ba. Waɗanda suka rage su ne 'yan gani-kashe-ni, kuma da su aka yi sauran tafiyar.

Rigima da Dillalan Tikiti

Babban abin da ya ɗaure zukatan masoyan nan shi ne rigimar 1994. Akwai wani kamfani, Ticketmaster, wanda ya ƙulla yarjejeniya da galibin manyan wuraren wasa na Amurka cewa shi kaɗai zai riƙa sayar musu da tikiti, yana aza la'adarsa a kai. Pearl Jam suka ce kada tikitinsu ya wuce dala 18, la'ada kuma kada ta wuce dala 1 da santi 80, domin yawancin masu zuwa kallonsu yara ne marasa abin hannu. Aka kasa daidaitawa. A watan Mayu suka kai kuka Ma'aikatar Shari'a, suka soke rangadin da suka shirya yi a shekarar, sa'an nan ran 30 ga watan Yuni Gossard da Ament suka ba da shaida gaban wani kwamitin Majalisar Dokoki.

Amma fa ba su yi nasara ba. Sauran manyan makaɗa ba su mara musu baya ba. A 1995 suka gwada yin wasa a filayen da kamfanin ba shi da iko da su, abin ya zo da wahala ƙwarai, aka soke wasanni da dama, kuma a watan Yuli na shekarar Ma'aikatar Shari'a ta rufe binciken. Su kansu masoyan sun sha wuya, gama an yi shekaru ganin makaɗan sai mai rabo. Zuwa 1998 dole ta sa suka koma wuraren da kamfanin ke riƙe da su. Duk da haka masoyan ba su manta ba cewa an taɓa yin asarar dukiya mai yawa domin aljihunsu. Gaskiya kuwa ba ta tsufa: a watan Mayu 2024, shekara 30 cif bayan kukan Pearl Jam, gwamnatin Amurka da kanta ta kai Ticketmaster da uwar kamfaninsa Live Nation kotu bisa zargin danne kasuwa.

Daren Roskilde

Ba a kan kuɗi kaɗai aka jarraba wannan zumunci ba. Ran 30 ga watan Yuni 2000, a bikin kiɗa na Roskilde a ƙasar Danmak, jama'a suka yi ta matsowa gaba cikin ruwa da taɓo ana tsakiyar wasa, har waɗansu suka faɗi aka danne su. Kafin labari ya kai ga makaɗan su tsai da kiɗa, aikin gama ya gama. Samari tara suka rasa rayukansu. Makaɗan suka soke sauran wasanninsu na Turai, har suka yi tunanin ajiye sana'ar baki ɗaya. Da suka dawo, sun ƙaurace wa irin waɗannan manyan bukukuwa na shekaru, suka tsaurara matakan tsaro, suka tuna da mamatan a waƙar Love Boat Captain ta 2002, waɗansunsu kuma suka ƙulla zumunci da iyalan mamatan.

Abin da ke Riƙe da Su

Mai karatu zai so ya san abin da ke sa magidanci da iyali ya bi makaɗa gari-gari, har a sami wanda ya kalle su sau 50 ko sau 100. Dalili na farko, ba sa maimaita jerin waƙoƙin jiya a yau. Kowane dare da nasa jeri, wasa kuma kan kai awa uku, saboda haka mai son jin wata tsohuwar waƙa da aka daɗe ba a rera ba sai ya yi ta zuwa ko Allah zai sa ya dace.

Na biyu, makaɗan sun san darajar masoyansu. Tun daga 1991, kusan kowace shekara har zuwa 2018, sukan aika wa 'yan Ten Club ƙaramin faifai na musamman a matsayin tsaraba. Da suka ga 'yan kasuwa na ɗaukar wasanninsu a sace suna sayarwa da tsada, ga rashin kyau, sai a rangadin 2000 suka ɗauki wasannin da kansu, suka fitar da faifai 72 a farashi mai sauƙi.

Na uku, su ma masoyan sun ba da nasu. Waƙar Alive, wadda ta fara fito da su, Vedder ya tsara ta ne a kan yaron da ya girma ya tarar wanda yake kira uba ba shi ya haife shi ba, mahaifin nasa kuwa ya riga ya mutu, kuma labarin kansa ne. Shi da bakinsa ya bayyana a 2006 cewa da fari ciwo ce gare shi, amma yadda dubban mutane ke karɓar amshinta da murna ya sauya mata ma'ana, ta koma waƙar godiya ga rayuwa.

Ga kuma tsufa tare. Sa'o'insu na Seattle da yawa sun riga mu gidan gaskiya: Kurt Cobain a 1994, Layne Staley a 2002, Chris Cornell a 2017. Yaran da suka sayi Ten da kuɗin makaranta yau da 'ya'yansu suke zuwa kallo.

Ina Aka Kwana?

Zo mu zauna, in ji masu iya magana, zo mu saɓa. Da faifansu na 12, Dark Matter, ya fito a 2024, tikitin rangadin ya haura dala 100 nesa ba kusa ba, tsofaffin masoya da yawa kuma suka yi ƙorafi, suna tuna wa makaɗan zancen dala 18. Masu kare su suka ce tsadar rangadi ta ninka, kuma makaɗan sun yi ƙoƙarin hana 'yan baranda cin kazamar riba ta hanyar tsara cewa mai son sayar da tikitinsa ya sayar a kan yadda ya saya. A watan Yuli 2025 kuma mai gangarsu Matt Cameron ya yi sallama da su bayan shekara 27.

Wannan shi ne halin da ake ciki. Abin da ya tara mutanen nan tun farko shi ne amanar da ke tsakanin mai kiɗa da mai saurare, kuma ita ce za su ci gaba da aunawa duk ran da aka buɗe sayar da tikiti. Ranar da mai ƙaramar lamba ya kasa biyan kuɗin kujerar da daɗewarsa ta ba shi, ranar ce za a san ko zumuncin na nan.