ME KE TAFASA INJIN MOTA A RAIRAYIN ƘASAR DAURA?

Duk ma'aikacin da aka taɓa turawa rangadi a ƙasar Daura ya san cewa hanya iri biyu ce a can. Akwai ta kwalta, wadda ta haɗa Daura da Katsina, da Kano ta kan Kazaure, da Kwangwalam a bakin iyakar Nijar, da kuma Zango da Baure. Akwai kuma ta rairayi, wadda kan fara daga inda kwalta ta ƙare, ta bi tsakanin gonakin gero har ƙofar gidan mai unguwa. A kan wannan ta biyun ne yawancin aikin hukuma yake, domin a nan talakawa suke. A kanta ne kuma akan tarar da mota a tsaye da rana tsaka, an ɗaga bonet, tururi na tashi, direba na neman ruwa.

In aka tambayi dalili, amsa ɗaya ake bayarwa, watau zafin rana. Gaskiya ne rana tana da nata rabon laifin, amma ba ita ce uwa ba. Mota guda, a rana guda, takan yi gudun kilomita 80 daga Katsina zuwa Daura allurar zafi ba ta motsa ba, sa'an nan ta tafasa kafin ta ci kilomita 10 a cikin rairayi. Ashe ke nan akwai abin da rairayi ke yi wa inji wanda rana ita kaɗai ba ta yi masa.

Yanayin Ƙasar

Masarautar Daura tana da ƙananan hukumomi 5, su ne Daura, Mai'adua, Sandamu, Zango da Baure, duka a arewa maso gabashin Jihar Katsina, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Kaduna a shekarar 1987. Mafi yawan ƙasar jigawa ce. Damina gajera ce, rani kuwa dogo. Da damina rairayi yakan sha ruwa ya danƙare, taya ta sami abin takawa. Amma daga hunturu zuwa bazara, bayan ya bushe, kuma amalanke da garken shanu masu zuwa kasuwar Mai'adua sun tattake shi, sai ya koma kamar gari. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40 a inuwa, iskar da ke kwance bisa rairayin kuwa, wadda ita ce mota ke shaƙa, ta fi haka zafi.

Ba shakka motocin da ake turawa can an yi su ne don irin wannan hanya. An fara ƙera Land Rover a Ingila a 1948, Toyota kuma ta fito da Hilux a 1968, ga kuma Land Cruiser, dukansu akwai masu ja da ƙafa huɗu. Sai dai ja da ƙafa huɗu maganin kafewa ne kawai, ba maganin zafi ba ne.

Inda Zafin Ke Fitowa

Ɗalibai za su tuna cewa inji wuta yake ci. In aka kasa ƙarfin man da ya ƙone kashi uku, kusan kashi ɗaya ne kaɗai ke juya taya. Kashi ɗaya yana fita ta salansa, kashi ɗaya kuma yana zama zafi a jikin inji, wanda tilas ruwa ya kwashe shi zuwa lagireto, iska kuma ta kwashe shi daga can. Muddin abin da iska ke ɗauka ya yi daidai da abin da inji ke haifarwa, ruwan yakan tsaya a wajen digiri 90, allura kuma ta zauna a tsakiya.

Rairayi yana ɓata wannan lissafi ta hanyoyi uku. Na farko, yana ƙara wa inji aiki. A kan kwalta taya mirginawa take yi, a cikin rairayi kuwa nitsewa take yi, ta tara tudu a gabanta, ta yi ta ƙoƙarin hawansa ba ta gamawa. Ƙarfin da ake bukata don tura mota a rairayi mai laushi yakan ninka na kwalta sau goma ko fiye. Ƙarin aiki kuwa ƙarin mai ne, ƙarin mai kuma ƙarin zafi.

Na biyu, yana rage iska. Motar da ke gudu a kwalta iska ce ke dukan lagiretonta da kanta. A rairayi tana cikin giya ta ɗaya ko ta biyu, inji na ruri, amma tafiyar ba ta fi ta keke ba, sai fanka kaɗai aka bar wa aikin. Abin ya fi muni in iska tana bin motar daga baya, domin in gudun iska ya yi daidai da na mota, to, kamar a cikin ɗaki take tsaye. Saboda haka direban da ya fito daga wajen Babban Mutum ya nufo yamma da hunturu, iskar gabas na bayansa, yana iya ganin allura ta hau alhali da safe, da yake fuskantar iskar, ba ta hau ba.

Na uku shi ne rabon rana. Lagireto yana zubar da zafi ne gwargwadon ratar da ke tsakanin zafin ruwansa da na iskar waje. Da safiyar hunturu, in ruwa yana digiri 90 iska tana 20, ratar 70 ce. Da azahar ɗin bazara, iska tana 42, ratar ta koma 48. Watau lagireto ya rasa kusan sulusin ƙarfinsa a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Motoci masu canza giya da kansu suna da ƙarin wahala, domin man giyarsu yana ɗaukar zafi ƙwarai a rairayi, kuma a yawancinsu cikin lagireton nan ne ake sanyaya shi.

Laifin Da Ke Namu

Duk da haka, motar da aka kula da ita tana iya jure wa waɗannan duka. Wadda ke tafasa ita ce wadda ta iso bakin rairayi da tsohon ciwo. Kwalta tana rufa wa mota asiri, rairayi ne ke tona shi.

Ga misali, ƙaiƙayi da ƙarangiya da ƙura sukan toshe ƙofofin lagireto, musamman bayan kaka, har iska ta kasa ratsawa. Ruwan rijiya da ake ɗurawa kullum yana barin tsatsa da ɓawo a cikin bututu, su rage hanyar ruwa. Bel ɗin fanka yakan saki. Murfin lagireto kuma, wanda mutane ke ɗauka marufi ne kawai, shi ke matse ruwan ya hana shi tafasa sai ya kai wajen digiri 120. In robarsa ta mutu, ruwa zai tafasa a digiri 100 kamar na tukunyar shayi. Akwai kuma wata al'ada da ta yaɗu a garejinmu, ta cire tamostat daga inji da cewa wai don ƙasashen sanyi aka yi shi. Cire shi ɓoye cutar yake yi ba ya warkar da ita, yana kuma sa inji ya daɗe bai ɗumama ba, ya ƙara shan mai da saurin tsufa.

Sai kuma laifin mai gida. Sau da yawa direba ya san ya kamata a tashi da asuba, amma ba a fito daga ofis ba sai hantsi ya dubi ludayi, aka iso rairayi da azahar. Ya san ya kamata a tsaya a rage iskar taya, amma shugaban tafiya yana duban agogo, ga na'urar sanyaya ɗaki a kunne tana ƙara wa inji nauyi. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Minti goma da aka ƙi bayarwa a bakin rairayi su ne kan zama kwana a daji.

Darasi Daga Hamadar Masar

Matsalar ba sabuwa ba ce. A ƙarshen shekarun 1920 da farkon na 1930 wani hafsan sojan Ingila, Ralph Bagnold, ya ratsa hamadar da ke tsakanin Masar da Libiya da ƙananan motocin Ford waɗanda ba su kai rabin ƙarfin na yau ba. Dabarunsa masu sauƙi ne. Yana rage iskar taya domin ta baje bisa rairayi kamar tafin raƙumi. Ya kuma ja bututu daga bakin lagireto zuwa wani gwangwani mai ruwa a gefen mota, in tururi ya fito ya koma ruwa a ciki, in inji ya huce ya zuƙe shi ya mayar. Gorar roba da ke gefen lagireton motocin yanzu hikimarta ɗaya da wannan. A 1941 ya wallafa littafi a kan yadda iska ke tafiyar da rairayi, wanda har yau masana ke amfani da shi. Abin lura shi ne, da sanin halin rairayi ya ci nasara, ba da girman inji ba.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Kafin a tashi, inji yana da sanyi, a duba ruwa da baƙin mai da bel, a wanke ƙofofin lagireto daga baya zuwa gaba, a kuma ɗauki jarkar ruwa mai tsabta da famfon taya. A bakin rairayi a rage iskar taya daga awo 30 ko 35 zuwa wajen 20, a sa giyar ƙafa huɗu tun kafin a kafe, a zaɓi giya ɗaya a riƙe ta, a bi sawun da aka riga aka taka. In taya ta fara haƙa rami a ɗaga ƙafa daga totur, gama ƙara wuta ba ya fid da mota, binne ta yake yi. Da an koma kwalta a mayar da iska, domin taya mai taushi takan fashe da gudu.

In allura ta hau, a kashe na'urar sanyi, a nemi wuri mai tauri a juya hancin mota ya fuskanci iska, a ɗaga bonet. In akwai ruwa kuma fanka na juyawa, a bar inji yana aiki a hankali har allura ta sauko. In kuwa tururi na fita ko ruwa na zuba, a kashe shi nan take. Kada a buɗe murfin lagireto sai ya huce, don ruwan zai yi tsiri ya ƙone fuska da hannu. Kada kuma a kwara ruwan sanyi a inji mai zafi, kan inji yana iya tsagewa ko ya lanƙwashe. Farin hayaƙi daga salansa, ko baƙin mai da ya koma launin madara, alama ce gaskit ya ƙone, sai a jawo motar, kada a tuƙa ta.

Abin Da Ake Asara

Wani zai ce wannan magana ce ta direbobi da makanikai. To, mu dubi abin da ke cikin motar. Yawancin alluran rigakafi ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 da 8, ƙanƙarar da ke akwatinsu kuwa ba ta jiran gyaran mota. Shaidar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a watan Agusta na 2020, cewa an kawar da ƙwayar shan-inna ta daji daga Afirka, ba ta samu ba sai da ma'aikata suka isa irin waɗannan ƙauyuka. Haka nan takardun jarrabawa, da takin zamani, da mace mai naƙuda da ake son kaiwa babban asibitin Daura, kowannensu yana da lokacin da in ya wuce ba a mayar da shi. Motar da ta ƙone gaskit kuwa takan yi watanni a bayan sakatariya tana jiran a sa hannu a takardar kuɗin gyara, ƙauyukan da take zuwa su zauna babu mai leƙa su.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ma'aikatu da na ƙananan hukumomin nan biyar da su ware kuɗin duba motoci kafin kowace bazara, su tanadar wa kowace motar rangadi famfo da ma'aunin iska da shebur, su kuma shirya wa direbobi bita a kan tuƙi cikin rairayi. Murfin lagireto da bel ɗin fanka kuɗinsu bai kai komai ba in aka gwada da na sabon kan inji, rigakafi kuwa ya fi magani. Ma'aikaci kuma, komai girman muƙaminsa, in an sauka daga kwalta ya saurari direbansa, domin a cikin rairayi shi ne babba. Allah ya kai kowa inda za shi lafiya.