Fitsarin da ya kwana cikin mafitsara shi ke lalata ƙoda

A ƙasar Arewa, daga Matankari har Tibiri, akan samu mutumin da ya bar zuwa kasuwa, ya bar zuwa suna da biki. Ba faɗa ya yi da kowa ba. Fitsari ne ke kuɓuce mashi, kunya ta tsare shi cikin ɗaki. Wasu su ce iskoki ne, wasu su ce sammu. Alhali sau da yawa jijiya ce ta lalace, kuma akwai dabarun da ke taimako.

Yadda mafitsara ke aiki

Ƙoda 2 ke tace jini. Kowace rana suna fidda fitsari kamar lita 1 da rabi. Mafitsara ita ce salkar da ke tara shi, tana ɗaukar kusan rabin lita. In ta cika, sai ta aika saƙo ga ƙwaƙwalwa ta cikin lakar gadon baya. Ƙwaƙwalwa ke cewa a riƙe ko a saki. In hanyar ta yanke, saƙo ba ya isa.

Abin da ke yanke hanyar

A karkara, faɗuwa daga bisa icce ko cikin rijiya na iya ɓata laka. Haka hatsarin babur ko na amalanke, da tarin fuka in ya kama ƙashin baya.

Akwai kuma wata cuta da likitoci ke kira sikileroz. Jijiya tana da rufi, kamar robar da ke rufe wayar rediyo. Cikin wannan cuta, jiki da kansa ke cinye rufin. Sai ƙafa ta yi nauyi, ido ya dushe, ciwon ya tafi ya dawo. Wani likitan Faransa mai suna Sharko ya bayyana ta a birnin Paris cikin 1868. A ƙidayar 2020, mutum miliyan 2 da dubu 800 ke da ita a duniya. Ta fi yawa a ƙasashen sanyi kamar Kanada da Turai, ba ta da yawa a nan Afirka. Ta fi kama mata, ƴan shekara 20 zuwa 40. Ba a ɗaukar ta daga wani. Kamar 8 cikin 10 na masu ita suna samun matsalar fitsari.

Matsalar iri 2 ce

Ta farko, mafitsara ta yi gaggawa. Fitsari kaɗan ya matsi mutum, kafin ya kai bayan ɗaki ya zubo. Ta biyu, mafitsara ta yi kasala. Mutum ya tsuguna, kaɗan ya fito, saura ya kwana ciki. Wani yana da duka biyun.

Ta biyun ita ta fi mugunta, don ba a ganin ta. Ruwan tabki da ba ya gudu shi ke wari. Haka fitsarin da ya kwana ke tara ƙwayoyin cuta, su hau zuwa ƙoda. A yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918, mafi yawan sojan da suka ji rauni a laka ba su daɗe ba suka mutu. Ciwon mafitsara da gyambon kwanciya suka kashe da yawansu.

Abin da maras lafiya zai yi

Kada ya rage shan ruwa don tsoron zuba. Fitsari mai kauri ya fi ƙona mafitsara. Ya sha kamar lita 2 a yini, kaɗan kaɗan, ya ƙara lokacin bazara. Ya rage sha in dare ya kusa.

Ya rage shayi mai ƙarfi da kofi da goro, don suna tsokanar mafitsara.

Ya riƙa tsugunawa kowace awa 2 ko 3, ko bai ji matsi ba. In ya gama, ya dakata kaɗan, ya sake gwadawa.

Ya ci ganye, kamar zogala da rama. Cikin da ya ɗaure yana danne mafitsara.

Ya wanke jiki da sabulu, ya shanya, ya sake tufa in ta jiƙe. A sa leda ƙarƙashin zanen shimfiɗa. Mai sikileroz ya nemi inuwa, don zafin rana na ƙara mashi kasala.

Robar fitsari

Cikin 1972, wani likitan Amurka mai suna Lapides ya nuna cewa maras lafiya na iya fidda fitsarinsa da kansa. Yana wanke hannu da sabulu, ya sa siririyar roba mai tsabta, fitsari ya fito duka, ya cire ta. Ana yi sau 4 zuwa 6 a yini. Wannan dabara ta ceci ƙodar mutane masu yawa. Amma likita ne ke koya ta, ba a kwaikwayo a gida.

Akwai kuma ƙwayar da ke kwantar da mafitsara mai gaggawa. Ga mai mafitsara mai kasala, tana iya ƙara tsare fitsarin. Don haka kada a saya wurin masu tallar magani a kasuwa. Sai an auna abin da ke saura ciki, da hoton eko ko da roba.

Ranar da ba a jira

Zazzaɓi da ciwon kwiɓi, fitsari mai wari ko mai gurɓata, jini cikin fitsari, ko mara ta kumbura fitsari ya ƙi fita: duk wanda ya ga ɗaya, a kai shi gidan likita mafi kusa a ranar. In ta fi ƙarfinsu, su aika shi asibitin Dogon Dutsi, ko babban asibitin Doso, ko Yamai inda likitocin jijiya suke. Can za a rarrabe ko jijiya ce, ko tsargiya, ko yoyon fitsari na bayan doguwar naƙuda, don kowace da nata magani.

Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maras lafiya ya faɗa wa likita kome. Dangi kuma kada su tsangwame shi. Su ɗebo mashi ruwa, su raka shi asibiti, su bar mashi wurinsa bisa tabarmar hira.