Jemage, Igiya Da Aikin Gayya: Me Ke Riƙe Ƙungiya?

Kafa ƙungiya ba shi da wuya a ƙasar Hausa. Ana iya kafa ta bayan sallar La'asar, a naɗa shugaba da ma'aji kafin Magariba. Riƙe ta shi ne aiki. Tun bayan da aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Ƙaraye a shekarar 1992, manoman rani da masunta sun ga amfanin haɗa kai domin neman taki da iri da injin ban-ruwa, haka nan ma manoman rake da masara na ƙasar Rogo. Sai dai kuma duk wanda ya taɓa shiga irin waɗannan ƙungiyoyi ya san ciwonsu: taron farko zaure ya cika, na biyar kuwa daga shugaba sai magatakarda. Idan ƙungiya ta mutu, asarar ba ta tsayawa ga kuɗin zubi, domin rance da tallafi galibi ta hannun ƙungiya suke zuwa.

Wannan matsala ba ta ɗan Adam ce kaɗai ba, kuma masana kimiyyar halittu sun daɗe suna nazarinta. A shekarar 1971 Robert Trivers ya bayyana cewa dabba za ta iya taimakon wadda ba 'yar'uwarta ba, muddin akwai tsammanin ramuwa. Misalin da ya fi shahara ya fito ne daga ƙasar Kosta Rika, inda Gerald Wilkinson ya yi nazarin wani irin jemage mai shan jinin dabbobi, ya buga sakamakon a 1984. Wannan jemage idan ya yi kamar kwana uku bai sha jini ba, mutuwa yake yi. Saboda haka wanda ya samu yakan amayo kaɗan ya ba wanda ya kwana da yunwa. Abin lura shi ne ba kowa yake ba: ya fi ba danginsa da waɗanda suka daɗe suna kwana a kogon itace guda. Wato dai taimako yana ɗorewa ne inda aka san juna, ake kuma sake haɗuwa.

Uwar adashe ba ta karanta Trivers ba, amma da wannan ka'ida take aiki. Ba ta cika ba sabon shiga kwasar farko, sai ta ga kamun ludayinsa a zubi.

Matsala ta biyu ita ce yawa. Wani injiniyan aikin gona ɗan Faransa mai suna Max Ringelmann ya sa mutane jan igiya, yana auna ƙarfinsu, ya buga abin da ya gano a 1913. Mutum takwas da suka ja tare ba su fitar da ƙarfin mutum takwas ba, sai kusan rabinsa. Wani ɓangare na wannan rashin daidaiton hannu ne, amma binciken da ya biyo baya ya nuna cewa kowa yakan sassauta idan ya tabbata ba za a gane nasa ƙoƙarin ba.

A nan ne ya kamata mai karatu ya sake duban aikin gayya da idon basira, domin manoman dā sun warware matsalar Ringelmann tun kafin a haife shi. A gonar gayya ba a sakin samari su watsu. Jera su ake yi, kowa da kunyarsa, ta yadda wanda ya yi gaba da wanda ya yi baya duk a fili suke. Ga mai gangar noma yana kiran sunan gwani yana yi masa kirari, ga 'yan kallo, ga fura da tuwo daga mai gona. Rago ba a cin sa tara. Dariya kaɗai ta ishe shi horo. Sannan kowa ya san cewa wanda ya ƙi zuwa gonar wani, ranar tasa gayyar zai ga fili. Aikin kowa a bayyane, yabo nan take, hukunci mai sauƙi, da tabbacin ramuwa: da wuya a sami tsarin da ya fi wannan dacewa da halin ɗan Adam. Abin takaici, yayin da ƙwadago ya maye gurbin gayya a wurare da yawa, ƙungiyoyin zamani sun ɗauki rajista da hatimi, suka bar hikimar a gona.

Batun hukunci ma an gwada shi. Ernst Fehr da Simon Gächter sun ba ɗalibai kuɗi a ƙasar Suwizalan, suka raba su huɗu-huɗu, kowa yana da zaɓin zubawa a asusun tarayya ko ya riƙe abinsa. Sakamakon da suka buga a 2002 ya nuna cewa idan babu hanyar hukunta mai ci bai zuba ba, zubi yana raguwa zagaye bayan zagaye, domin masu kirki ma sukan gaji. Da aka ba da damar hukunci, sai zubi ya tashi. Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel a 2009, ta ga haka a ƙungiyoyin ban-ruwa na ƙasashe daban-daban, amma ta ƙara da sharaɗi: waɗanda suka ɗore su ne waɗanda membobi ke da hannu wajen tsara doka, kuma hukunci ke farawa daga ƙarami. Korar mutum saboda fashin taro ɗaya kashe ƙungiya yake yi.

Yanzu ƙungiyoyi da dama sun koma sadarwa ta wayar hannu, inda zauren WhatsApp guda zai iya ɗaukar mutum fiye da 1,000. Robin Dunbar ne masanin da a 1992 ya kwatanta girman ƙwaƙwalwar birai da girman garkensu, ya ƙiyasta cewa mutum yana iya riƙe hulɗa ta sosai da kimanin mutum 150. Wasu masana sun yi jayayya da adadin. Zaure mai ɗaruruwan mutane igiyar Ringelmann ce: kaɗan ke magana, saura suna kallo. Shugaban da ya raba jama'arsa bisa unguwa ko bisa layin ban-ruwa, ya ba kowane rukuni aikin da za a tambaye shi a kai, yana kuma ambaton sunan wanda ya gyara magudana ko ya biya zubi a kan kari, ya mayar wa kowa da kunyarsa ke nan.