'Yar Zamani da Mutanen Da: Laifin Suna Ne?

'Yan'uwana mata, ku kasa kunne a gidan biki a Gusau, ko Tsafe, ko Bunguɗu. Za ku ji tsofaffi na cewa, "Ai 'yan zamani ke nan, ba kunya, ba aiki." Can ɗakin amarya kuma 'yan mata na raɗa, "Rabu da su, mutanen da ne." To, shin sunayen nan ne suka haifi raini, ko kuwa tarar da shi suka yi?

Kiran mutane da zamaninsu ba sabon abu ba ne. Kakanninmu da ba su rubuta ranar haihuwa, sai su ce an haifi wance shekarar 'Yar Gusau, wato yunwar 1942. Ba wanda ya ji zafin wannan, don lissafi ne kawai. Turawa ma suna da nasu. A Amurka suna kiran waɗanda aka haifa daga wajen 1997 zuwa 2012 Gen Z, sunan ya bi wayar hannu har ya iso mana.

Amma ku dubi kalmar 'yar boko. Da can zagi ce, ana nufin yarinyar da ba ta iya daka ba. Bayan an buɗe ilmin firamare kyauta a 1976, sannu a hankali 'yan mata suka ƙaru a aji, wasu suka zama malamai da ungozomar asibiti. Yau mai naƙuda 'yar boko take nema. Kalmar ba ta sake ba, zukata ne suka sake. Ashe suna ƙwarya ce, abin da aka zuba mata shi take ɗauka.

Duk da haka ƙwarya ba ta kuɓuta daga laifi ba, don ita ke kai abin gida-gida. Uwar miji ta ce wa amarya 'yar zamani tun ba ta ɗanɗana tuwonta ba, ta riga ta yanke mata hukunci. Ke kuma 'yar makaranta, ranar da kika kira kakarki mutanen da, kin toshe kunnenki, za ta tafi da saninta na reno da zaman aure.

Zamani riga ne, kowa da tasa, kuma kowace tana tsufa. Ku kira mutum da sunansa, ku auna shi da aikinsa. Allah ya sa mu gane, amin.