Wankan Da Ya Ceci Ran Wani Ma'aikaci A Amurka

Ran 30 ga watan Agusta 1976 wani akwatin gilashi ya fashe a ma'aikatar Hanford, cikin jihar Washington ta Amurka, inda a wancan lokaci ake sarrafa ƙarafan bom na atom. Ma'aikacin da ke tsaye a gabansa, Harold McCluskey, mai shekara 64, ya sha feshin ruwan asid da tsakin gilashi a fuska, haɗe da burbushin wani ƙarfe da ake kira amerisiyam.

Shi wannan ƙarfe yana fid da wani irin tiriri wanda ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Sai bayan shekara 432 rabin ƙarfinsa ke ƙarewa. Muddin yana kwance a bayan fata lafiyayya, fatar tana tare mafi yawan sharrinsa. Amma fa in ya sami ƙofa ya shiga jini, sai ya tafi ya zauna a hanta da ƙashi.

Don haka ne likitoci ke yin irin wannan wanka da lallashi. Da fari a tuɓe tufafi, gama su ke ɗauke da yawancin ƙurar. Sa'an nan a wanke rauni tun kafin sauran jiki, a bi da ruwa mai ɗumi da sabulu mai laushi, ana farowa daga gefe zuwa tsakiya don kada dattin ya bazu. Ba a yarda da ruwan zafi ba, don yana jawo jini kusa da fata. Mai karatu zai zaci a nan ne soso mai kaushi zai yi rana. Ko kusa! Wanda ya dirje fata har ta yi ja, ya buɗe wa guba hanya da hannunsa. Bayan kowane wanki sai a kara na'urar awo, a ga abin da ya saura.

In sabulu ya kāsa, akwai wani magani, DTPA, wanda ke damƙe ƙarfen kamar awartaki. Akan wanke rauni da shi, akan kuma yi allurarsa, fitsari ya fitar da abin da ya kama.

McCluskey ya yi wata biyar a keɓe, ana wanke shi, ana tsince gilashi daga fatarsa, ya sha allura ɗaruruwa. Ya koma gida, ko da yake waɗansu maƙwabta sun daɗe suna tsoron kusantarsa. Ya rasu a 1987 yana da shekara 75, da ciwon zuciyar da yake fama da shi tun kafin haɗarin.