Yaron da baƙi ya ƙi zama a kansa ba daƙiƙi ba ne

Ƴan uwa mata, kusan kowace unguwa a Cadawa, Gazawa ko Gidan Rumji tana da irin yaron nan. A aike shi kasuwa, ko dala ba ya ɓatarwa. A yi tatsuniya da dare, gobe ya maido ta tsaf. Amma shekara uku yana zuwa lakwal, sunansa ma da ƙyar yake rubutawa. Mushe ya ce lalaci ne, uba ya ɗauko tsumagiya, mu uwaye mu fara zargin ko sammu ne. In ɗiya mace ce, hukunci ba ya daɗewa: a ce karatu ya ƙi, a aza mata talla, daga nan sai maganar aure.

Abin nan yana da suna. Likitoci na ce masa disleksi, wato sarƙewar karatu. Wani likitan ido Bajamushe, Rudolf Berlin, ya raɗa sunan a 1887. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin yaro ɗan shekara 14, mai wayo da hazaƙa, wanda karatu ya gagara. Malaminsa na ganin da a ce da baki kawai ake koyarwa, da shi ne zai fi kowa a makarantar.

Matsalar ba a ido take ba. Kalma kamar "tuwo" sauti huɗu ce, kuma mai koyon karatu sai ya rarrabe su, ya haɗa kowane da baƙinsa. Wannan aikin ne ke yi wa kan yaron nauyi. Sai ya riƙa cankar kalma, yana tsallake wasu, abin da ya koya jiya yau ya gudu. Sau da yawa gadonta ake yi cikin dangi. Duka ba ya maganinta, sai dai ya ƙara wa yaro tsoron allo.

To amma kada mu yi saurin yanke hukunci. Ba duk yaron da bai iya karatu ba ne ke da ita. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cikin yaran Nijar goma da ke ƙare firamare, ko ɗaya bai cika ba wanda ya kai matakin karatun da ake so. Cunkoson aji, rumfar zana da damina ke kadawa, yunwa da fashin zuwa duk suna ciki. Shi ya sa matakin farko shi ne a kai yaro gidan likita a duba idonsa da kunnensa. In lafiya lau yake, yana zuwa kullum, ga wayo, amma sa'o'insa sun wuce shi nesa a karatu kaɗai, to a nan ne za mu yi tunanin disleksi.

A Amurka da Ingila akwai makarantu na musamman don irin yaran nan. Da yawansu na bin hanyar da likita Samuel Orton da malama Anna Gillingham suka tsara wajen shekarun 1930. Yara kaɗan a gaban malami, sauti ɗaya a lokaci ɗaya. Yaro ya ga baƙi, ya ji shi, ya faɗe shi, ya zana shi da yatsa, kuma ba a wucewa gaba sai na baya ya zauna. A nan ƙasarmu makarantun musamman da muka sani na makafi ne da na kurame, irin na Yamai, Maraɗi da Damagaram. Namu yaron yana gani, yana ji, don haka sai ya ɓace cikin taron aji. Amma ku duba hanyar nan da kyau: ba ta buƙatar na'ura. Rairayi muna da shi a tsakar gida. Bin karatu daki-daki ma ba baƙo ba ne gare mu, tunda a makarantar allo sai an gama babbaƙu ake shiga farfaru.

Sai maganar harshe. A Faransanci, "o" da "au" da "eau" duk sauti guda ne. A Hausar boko kuwa, kusan yadda ka faɗa haka za ka rubuta. Wani bincike na 2001 ya gwada masu disleksi a Italiya, Faransa da Ingila, ya tarar ƴan Italiya, da rubutunsu ke bin lafazi, sun fi sauran iya karatu. Koyarwa da Hausa a lakwal ba sabon abu ba ne, tun 1973 aka fara gwada ta a Damagaram. Yaron da baƙi ke wahalarwa, a fara masa da harshen da yake mafarki da shi.

Mu fa mun fi kowa sanin cewa basira daban, rubutu daban. Lokacin da CARE ta kafa Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, iyayenmu da ka suke riƙe lissafin zubi da bashi, kuma asusu ya tsaya da ƙafarsa. Ta yaya za mu kira ɗiyanmu daƙiƙai don alƙalami ya ba su wuya?

Ga abin da ƙungiya za ta iya. Mu shiga ƙungiyar uwayen ɗalibai da kwamitin kula da lakwal, mu je wurin darakta mu biyu ko uku, mu roƙi a maido yaron gaban aji, a ba shi ƙarin lokaci, a riƙa tambayarsa da baki, a daina sa shi karatu gaban jama'a ana dariya. Daga asusun taimako a sayi allo da alli, a ɗan ba wata ɗiyar unguwa mai birbe abin sabulu, ta zauna da yara uku ko huɗu rabin awa kowace yamma. Kaɗan-kaɗan kullum ya fi mai yawa sau ɗaya a sati. Wanda ya riga ya bar lakwal, ɗan shekara 8 zuwa 12, a tambayi ajin fasarel na wata 9, wanda ke farawa da harshen gida.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ranar zubi mai zuwa, kafin a rufe akwati, shugaba ta tambaya: wa ke da yaron da karatu ya tsaya masa? Kada kunya ta hana kowa magana. A rubuta sunayen, a sa ranar zuwa lakwal.