Haɗa babur da tsohon inji mai bugu biyu: abin da ya kamata ku sani

Duk wanda ya taɓa zuba baƙin mai a cikin fetur kafin ya tayar da ƙaramin janareton Tiger ya riga ya san inji mai bugu biyu, ko da bai san sunansa ba. Irinsa ne a jikin Suzuki A100 da Yamaha RX da tsohuwar Vespa, haka ma Jincheng ƙirar AX100 da 'yan acaɓa suka yi yayi kafin Bajaj Boxer ta karɓe titi. Mu nan da yawansu sun ƙare a hannun 'yan gwangwan. A Turai da Amurka da Indiya kuwa neman su ake ruwa a jallo. Mutum zai sayi tsohon inji ya farfaɗo da shi, ya ɗora shi a kan firam ɗin da ya zaɓa, ya sauya tanki da kujera da sitiyari, ya fito da babur ɗin da babu mai irinsa.

Abin da ke jan masu wannan aiki shi ne rashin nauyi da zafin nama. Injin Boxer mai bugu huɗu ne: sai kiranshaf ya juya sau biyu wuta ke tashi sau ɗaya, kuma yana da bawul da sarƙar da ke juya su. Mai bugu biyu kowane juyi da wutarsa. Ba shi da bawul a kai. Ƙofofi ne aka huda a jikin silinda, fistin na buɗe su yana rufewa a hawansa da saukarsa. Fetur da iska sukan fara shiga ɗakin kiranshaf, fistin ya matsa su, sannan su hau sama su ƙone. Tunda fetur na ratsa wannan ɗaki, ba a tara baƙin mai a cikinsa. Dole man ya bi fetur, ya shafi boris da fistin, ya ƙone tare da shi. Asalin shuɗin hayaƙin nan ke nan, kuma hayaƙin ne ya yi ajalin injin: dokokin tsaftar iska sun kore shi daga titunan Amurka tun wajen ƙarshen shekarun 1970, gasar manyan babura ta duniya ma ta fara komawa ga mai bugu huɗu a 2002.

Wanda zai haɗa irin wannan babur, fenti ne ƙarshen abin da ya kamata ya dame shi. Farkon aiki shi ne tabbatar da cewa ɗakin kiranshaf ba ya shan iska. Akwai robobi a gefe biyu na kiranshaf da ke toshe shi, kuma robar da ta shekara arba'in ta riga ta bushe, ko da injin na tashi da kik ɗaya. In iska ta sato hanya ta shiga, fetur ya yi mata kaɗan, zafi ya hau, fistin ya kumbura ya liƙe a silinda ana tsakar gudu. Abin da bakanike ke cewa inji ya buga ke nan, kuma a kan babur yana iya zuwa da ƙamewar tayar baya. Masu yin aikin da kyau sukan toshe bakin kabureta da na salansa, su hura iska kaɗan a ciki, su zuba wa agogon awo ido na 'yan mintuna. In allura ta sauka, sai a bi mahaɗa da ruwan sabulu har a ga inda kumfa ke tashi.

In silinda ta ci, ana kai ta a rarake ta kaɗan a sa fistin mai girma, yawanci ƙarin milimita 0.25 ko 0.50. A tuna wa mai aikin ya goge kaifin bakin ƙofofin, in ba haka ba ringi zai sarƙe ya karye. Kibiyar da ke kan fistin kuma ɓangaren salansa take kallo.

Sai batun mai, inda gardama ba ta ƙarewa. Yamaha ta fito da famfon da ke auna man da kansa, Autolube, a 1964, sauran kamfanonin Japan suka fito da nasu. Masu haɗa babur da yawa sukan cire famfon don ba su yarda da tsohon ƙarfe ba, su koma haɗawa da hannu a tanki. A ganina famfon da aka duba aka daidaita ya fi mantuwar ɗan Adam aminci. Kuma a wasu injinan Suzuki famfon kai tsaye yake kai mai ga boris ɗin kiranshaf, cire shi ba tare da gyara hanyar man ba kashe inji ne. Wanda ya zaɓi haɗawa da hannu, ya nemi man da aka yi domin wannan inji, mai alamar 2T, ya kuma tsaya a kan awo guda. In kashi 32 na fetur ne ga kashi 1 na mai, lita 4 za ta ci mililita 125. Ƙara mai "don a samu kwanciyar hankali" yana rage fetur ɗin da ke bi ta jet ɗin kabureta, don haka duk sauyin awo yana neman a sake saiti.

Salansa ce wurin da aka fi yin ɓarna, domin a wannan inji rabin ƙarfin a cikinta yake. Ku dubi salansar babur ɗin tsere: siririya daga bakin silinda, ta buɗe ta yi tumbi, ta sake tsukewa. Sashen da ke buɗewa yana zuƙo hayaƙi waje, har ya janyo sabon fetur a bayansa. Sashen da ke tsukewa kuma yana mayar da bugun iskar baya, ya tura wannan fetur cikin silinda daf da fistin zai rufe ƙofa. Tsawon bututun ne ke yanke a wane gudun inji wannan zai faru, shi ya sa babur ɗin kan yi sanyi-sanyi a ƙasa, sannan ya fizge kamar an tsikare shi. Wanda ya gwanance a wannan lissafi shi ne Walter Kaaden, injiniyan kamfanin MZ a Jamus ta Gabas. A 1961 matuƙinsa Ernst Degner ya tsere zuwa Yamma, ya koma Suzuki da abin da ya sani, a 1962 kuwa ya ci wa Suzuki kambun duniya a ajin 50cc. Saboda haka in mai walda ya yanke salansa ya jona bututun da ya ga dama don ƙara ta yi daɗi, ƙarar za a samu, ƙarfin ya tafi, wataƙila har da fistin. Duk lokacin da aka sauya salansa ko matatar iska, sai an sake jet. A fara da babba, a riƙa duba fulogi: ruwan ƙasa-ƙasa lafiya, fari fat alamar haɗari.

Firam kuma yana da nasa sharuɗɗan. Ƙaramin sufaket na inji da babban na tayar baya su tsaya a layi ɗaya, in ba haka ba sarƙa za ta yi ta cin haƙora ko ta fice. Mazaunin inji ya zama ƙarfe mai kauri da walda mai kyau, don girgizar wannan inji tana tsaga siririn ƙarfe. Birki kuwa ba wurin tsimi ba ne. Mai bugu biyu ba ya riƙe babur sosai in an saki totur, kusan duk aikin tsayawa a kan birki yake. Kawasaki ta nuna wa duniya haka a 1969 da H1, mai silinda uku da ƙarfin doki 60 a kan firam da birkin da ba su kai injin ba, har aka yi masa laƙabi da mai sa mata takaba. Wanda ya ɗora injin RD350 na Yamaha, mai ƙarfin doki 39, a kan firam ɗin ƙaramin babur, ya san ya ninka abin da aka ƙera firam ɗin ya ɗauka. Birkin faifai a gaba da sababbin tayoyi su shiga lissafinsa tun farko.

Wutar fulogi ba ta da wahala: yawancin mutane kan cire tsohon tsarin su sa tsarin lantarki na CDI, sai dai a saita lokacin tashin wutar daidai.

Kafin a kashe ko sisi, a dubi lambar inji da ta firam, a karɓi rasit daga mai sayarwa. Babur ɗin da aka haɗa daga gawa biyu yana ɗauke da lambobi biyu da ba su taɓa zama a takarda ɗaya ba, kuma sai an daidaita su a wurin rajista kafin a hau titi. A kuma shirya wa gidan mai, domin wannan inji ya fi Boxer shan fetur nesa ba kusa ba, ga kuɗin 2T a kan kowane tanki.